Yadda Ake Zama Direban Katafila

Duk wanda ya bi ta Kura ko Bunkure da rani zai ga gonakin alkama da tumatir kore shar. Ruwan da ke shayar da su daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Hanyoyin ruwan nan kuwa ba fartanya ce ta haƙa su ba, manyan injuna ne. Har yau laka da ciyawa sukan toshe su, sai an yashe. Saboda haka saurayin Madobi da ya iya tuƙa katafila ko gireda ba zai rasa abin yi ba.

Amma fa ba a kan kujera ake fara wannan sana'a ba. Da rarrafe yaro kan tashi. Da fari zai zama yaron direba. Kowace safiya ya duba baƙin mai da ruwan lagireto, ya sa giris, ya kankare laka daga sarƙa. In maigidansa ya ga natsuwarsa, sai ya fara ba shi tuƙi a fili, inda ba kowa.

Sa'an nan ya koyi bin turakun masu awo, don in gangaren hanyar ruwa ya kauce ko kaɗan, ruwa ba zai kai gonakin ƙarshe ba, manoma su yi hasara. Wanda ya ƙware sai ya nemi lasin, ya kuma zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, ya sami takardar shaida.