Sauya wa Fayil Mazauni a Jakunkunan Kwamfuta: Darasi ga Mai Nazarin Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake ɗauke fayil daga wata jaka zuwa wata a kwamfutar tebur, musamman inda jakunkuna suke cikin juna. Ta nuna cewa sauya wa fayil mazauni sauya masa adireshi ne, kuma rashin fahimtar haka kan raba manazarci da bayanan da ya sha wahalar tattarowa.

1.0 Gabatarwa

Mai nazarin adabin baka kan dawo daga fagen bincike da hirarraki da waƙoƙi da hotunan rubutun ajami. Wasu dattawan da ya naɗi muryarsu ba lallai ne ya sake samun su da rai ba. Don haka, sanin inda kowane fayil yake da yadda za a ɗauke shi lafiya wani ɓangare ne na amanar bincike.

2.0 Tsarin Jaka Cikin Jaka

Jaka, wadda aka fi sani da folda, ma'adana ce ta fayiloli, kuma tana iya ƙunsar wasu jakunkuna. Jerin sunayensu daga babba zuwa ƙarama shi ne adireshin fayil. Misali:

C:\Bincike\Waƙoƙi\Zariya\hira01.wav

Harafin C yana nuna faifan da aka adana fayil ɗin, kowane layi mai karkata kuma tamkar ƙofa ce, kamar yadda ake bi ta zaure zuwa tsakar gida kafin a kai ɗaki. Idan aka ɗauke fayil a cikin faifai ɗaya, bayanansa ba sa motsawa. Rajistar adireshinsa kawai ake sauyawa, shi ya sa aikin kan ƙare nan take. Idan kuwa zuwa wani faifai ne, kamar filash, sai kwamfuta ta kwafe shi gaba ɗaya kafin ta goge na asali.

3.0 Hanyoyin Ɗauke Fayil

A manhajar Windows akwai manyan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a zaɓi fayil, a danna Ctrl da X, a buɗe jakar da ake nufi, sannan a danna Ctrl da V. Fayil ɗin ba ya barin mazauninsa sai an kammala mataki na ƙarshe. Ta biyu ita ce jan fayil da linzami. A nan ake yawan kuskure, domin ja a cikin faifai ɗaya ɗaukewa ne, amma ja zuwa wani faifai kwafa ce. Riƙe Shift yana tilasta ɗaukewa, riƙe Ctrl kuma yana tilasta kwafa. Idan hannu ya suɓuce fayil ya faɗa wata jaka, Ctrl da Z kan mayar da shi.

4.0 Matsalolin da Ake Fuskanta

Na farko, yankewar alaƙa. Manhajar ELAN, wadda Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen ta samar domin rubuta magana daga sauti, tana gane fayil ɗin sauti ne ta adireshinsa. In aka ɗauke sautin shi kaɗai, sai ta nemi a nuna mata inda ya koma. Mafita ita ce a ajiye rubutu da sautinsa a jaka ɗaya, a riƙa ɗauke jakar dungurungum.

Na biyu, tsawon adireshi. Manhajoji da dama a Windows ba sa karɓar adireshin da ya haura haruffa 260, don haka zurfafa jakunkuna masu dogayen sunaye kan hana fayil buɗewa.

Na uku, karon suna. Idan fayiloli biyu masu suna hira01 suka haɗu a jaka ɗaya, aka amince sabon ya maye gurbin tsohon, tsohon ba ya zuwa kwandon shara. Sanya wuri da shekara a suna, kamar zariya_2023_hira01, yana magance wannan.

5.0 Kammalawa

An ga cewa adireshi shi ne ginshiƙin wannan aiki. Abin da ya fi dacewa ga bayanan da ba su da madadi shi ne a kwafe su tukuna, a buɗe kwafin a tabbatar da lafiyarsa, sannan a goge na asali. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.