Darasi: Gyaran hanyar ruwan sama sana'a ce

Kowace shekara, in an gama girbi, samarinmu suna tafiya cin rani Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. Yawancinsu dako suke yi, ko ga-ruwa, ko talla. Unguwar da suke sauka ita ce ta bakin gari, inda haya take da sauƙi. Nan ne kuma ruwa yake fara ci in damana ta yi ƙarfi. Darasinmu na yau bisa wata sana'a ne wadda ke cikin wannan ruwan.

Mu tuna da damanar 2024. Mutane fiye da 300 suka rasu cikin ƙasarmu, ɓarnar ta shafi fiye da miliyan guda. Tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya rushe cikin watan Satumba. Komawa makaranta ma sai da aka ɗaga ta har 28 ga Oktoba, don waɗanda gidajensu suka faɗi suna kwana cikin azuzuwa. Abin ba sabo ba ne: a 1945 ruwan gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi, aka mai da garin bisa tudu.

Me ya sa ruwa ya fi ɓarna a birni? A gona, ƙasa tana shan ruwa. A birni kuwa kwano da siminti da kwalta ba su sha. Ku ɗauki alli mu yi lissafi. Ruwan milimita 1 bisa fili mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, lita 1 ne. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5 yana da irin wannan fili 50. In an yi ruwan milimita 40, sai mu ce 50 sau 40, lita 2.000 ke nan, watau tano 10. Gida guda fa, dare guda! To, ku ƙara da gidajen unguwa duka. In ruwan nan bai samu hanya ba, gindin bangon ƙasa zai nema.

Mai gyaran hanyar ruwa abu na farko da yake koyo shi ne awon gangare. Ido yana ruɗin mutum. Magudanar da aka gina ba awo, ruwa yana kwanciya cikinta, ko ma ya komo gida. Kayan awon ba su da tsada: tiyo mai haske wanda ake ganin cikinsa, da turaku biyu, da igiya, da mita. A cika tiyo da ruwa, a fid da iska. Mutum biyu su riƙe bakunansa a jikin turakun. Ruwan da ke baki biyun kullum tsayinsa ɗaya ne, sai a yi alama bisa kowane turke. Daga alamar ake aunawa zuwa ƙasa. Magina da yawa suna sauke santimita 1 a kowace mita. Magudana mai mita 10, ƙarshenta ya fi farkonta zurfi da santimita 10. A nan ne wanda ya yi karatun manya ya fi abokinsa: yana karanta mita, yana rubuta abin da ya auna, ba ya mantawa.

Na biyu shi ne sa ƙasa ta sha ruwa tun bai taru ba. Wannan kam ku ne malamansa. Wanda ya taɓa gina rabin wata ko tassa a faƙo, ko ya jera duwatsu don tare zaizaya, ya san rabin aikin. A cikin gida ana haƙa rami inda ruwan indararo yake bi, a cika shi da tsakuwa da yashi, a dasa itace kusa. Amma a kula: ramin ya yi nisan mita 5 daga bango, kuma kada ya kusanci salga ko rijiya. In ruwa ya kwana uku bai tsotse ba, wurin laka ne, ramin bai yi ba. A cike shi, don sauro yana ƙyanƙyashewa cikin mako guda ko kwana goma.

Sauran aikin su ne yasar magudanu kafin ruwan fari, da buga tubalin siminti na shimfiɗa titi, da ɗaure duwatsu cikin ragar waya a bakin ƙorama. Yasa tana bukatar takalmin roba da safar hannu, saboda kwalba da ƙarfe. Leda ce babbar mai toshewa. Dokar hana ta ta fito tun 2014, amma ku duba kwatar kasuwa ku gani.

Ana samun abinci da wannan aikin? Ana samu. A farkon shekarun 1990 an kafa NIGETIP don a yi ayyukan birni da hannun mutane da yawa maimakon manyan injuna. A Amurka ma, birnin Filadelfiya ya soma wani shiri na shekara 25 a 2011, na sa ƙasa da itatuwa su sha ruwan titi, kuma ana koya wa matasa marasa aiki kula da wuraren. Ramin nasu ɗan'uwan rabin watanmu ne. Ni a ganina, saurayin da ya iya awo ya fi ƙarfin lebura. Wanda yake so, ya tambaya a ma'aikatar magajin gari inda cibiyar koyon sana'a take, ya nemi sashen gini, ko ya bi wani magini rani guda.

Aikin gida: ku auna tsawo da faɗin rufin ɗakin karatunku. In an yi ruwan milimita 30, lita nawa za ta zubo? Tano nawa ke nan? Ku kawo ma malaminku amsa, ku nuna masa inda ruwan yake bi.