Kafin Ka Ɗaura Tanti a Mota Zuwa Bakin Tekun Libreville

Wani abokina ɗan Maradi ya kira ni makon jiya, ya ce hutun yara ya zo, yana so ya kwashi iyali su yi mako guda a Gabon, suna kwana a tanti, su ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa da gandun daji. Na ce masa, Malam, tsaya ka ji abin da ya same ni, don gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Da farko dai, mota ba za ta kai ka hasumiyar ba. Hasumiyar Ngombé, wadda Faransawa suka gina tun zamanin mulkinsu, tana tsallaken bakin kogin Komo, cikin gandun Pongara, ɗaya daga cikin gandun daji 13 da Shugaba Omar Bongo ya keɓe a 2002. Sai ka ajiye mota a Libreville ka shiga jirgin ruwa, kamar rabin awa zuwa Pointe-Denis, ƙasar Sarki Denis Rapontchombo da ya ƙulla yarjejeniya da Faransa a 1839.

A can ne teku ta koya mini hankali. Mu 'yan tudu mun saba da ruwan da ke zaune inda aka bar shi, irin na madatsar Tiga. Teku kuwa sau biyu take cika ta janye a kwana guda. Da la'asar na ga wani yashi mai santsi, a daddaɓe kamar tsakar ɗakin amarya, na ce a nan za mu kafa tanti. Ashe santsin nan shaida ce cewa ruwa bai daɗe da barin wurin ba. Wajen ƙarfe biyun dare ɗana ya taɓa ni, ya ce, "Baba, tabarma ta jiƙe." Kafin in lalubo tocila, igiyar ruwa ta biyu ta shigo har gwiwa. Shinkafarmu da wayata da takalmin uwargida ɗaya duk suka tafi. Muka koma gindin itatuwa, inda wasu ƙananan ƙwari da mutanen can ke kira furu suka yi mana rubdugu har asuba. Ba ka ganinsu, sai ƙaiƙayi.

Wanshekare mai jirgin da na biya kuɗin zuwa da dawowa gaba ɗaya bai zo ba sai da magariba ta kawo kai, kuma ya nemi ƙarin kuɗin mai. Har yau abin yana min ciwo, domin da ƙananan yara a hannuna ba ni da bakin musu.

Don haka ka duba layin da teku ta zubar da ciyawa da guntayen itace, ka kafa tanti can sama da shi sosai. Ka tambayi masunta lokacin cikar ruwa. Mai jirgi ka ba shi rabi, sauran sai ƙafarka ta taka Libreville, kuma ka karɓi lambar wani na biyu. Kada ka kwana cikin gandun ba tare da izinin hukumar kula da gandun daji ta ANPN da ɗan jagora ba, akwai giwaye da ɓauna a dajin.

Lokacin da damina ke zuba a Kano, daga Yuni zuwa Satumba, can rani ne mai sanyi-sanyi da lumshi, sai ka riƙe rigar sanyi. Kunkurun teku ba sa fitowa yin ƙwai sai wajen Nuwamba, amma a cikin wannan ranin ne ake ganin manyan kifayen da mutanen can ke kira balen.

Inda mota ke da amfani shi ne arewa, hanyar Cap Estérias, ka tsaya a dajin Raponda-Walker ka ga itatuwan da sai ka riƙe hula kafin ka hangi ƙarshensu. In kana da kwana biyu, ka nufi Lambaréné, inda Albert Schweitzer ya fara aikin asibiti a 1913. Shingayen jami'ai sun yi yawa a hanyar, a ganina fiye da kima. Fasfo da takardun mota su kasance a kusa, ka gaisa da fara'a.

A cikin gari, ka je unguwar Nkembo ka ga ginshiƙan itace 31 da aka sassaƙa a cocin Saint-Michel. Guzuri kuwa a kasuwar Mont-Bouët, inda za ka ji Hausa, amma tsada sai ka yi haƙuri.

Sefar Nijar ba ita ake kashewa a Gabon ba, ka canza. Katin allurar shawara dole ne.

Abokina ya yi shiru, sannan ya ce zai sayi tantin duk da haka. Na ce ka saya, wurin ya cancanci wahalar, amma kafin ka buga turke ko ɗaya ka nemi masunci ka tambaye shi inda ruwa ya kwana jiya.