Kalmomin "Safety" da "Security" da Matsalar Fassara su cikin Hausa

Duk wanda ya taɓa aikin fassara daga Ingilishi zuwa Hausa, ko a gidan rediyo ko a ɗakin jarida, ya ci karo da kalmomin nan biyu, "safety" da "security". Da yawa daga cikin masu fassara sukan tara su wuri guda su ce "tsaro". Manufar wannan 'yar maƙala ita ce ta nuna cewa Bature bai ɗauke su abu ɗaya ba, kuma akwai wuraren da gwama su kan jawo asarar rai.

Bari mu fara da asali. Dukansu biyu baƙi ne a Ingilishi. "Safe" ta biyo ta tsohon Faransanci daga kalmar Latin "salvus", watau wanda yake garau, babu rauni a jikinsa. "Secure" kuwa daga "securus" ta fito, wadda haɗi ce na "se", ma'ana ba tare da, da "cura", ma'ana damuwa. Ta farko ke nan lafiyar jiki take dubawa, ta biyu kwanciyar hankali.

Amma a amfanin yau, abin da ya fi raba su shi ne niyya. Sai mai fassara ya tambayi kansa: shin akwai wani mai nufin sharri a bayan abin da ake gudu? Idan tayar mota ce ta fashe, ko wayar lantarki ta ta da gobara, ko abinci ya lalace, to, maganar "safety" ake yi, domin ba wanda ya shirya ɓarnar. Idan kuwa ɓarawo ne, ko ɗan fashi, ko ɗan leƙen asiri, an shiga fagen "security". Ashanar da ake rubuta wa "safety matches" ba daga ɓarawo aka tsare ta ba. Abin nufi, ba ta kamawa sai an ƙyasta ta a gefen kwalinta.

Wani zai ce ai wannan duk ƙwaƙƙwafin malamai ne. To, a duba abin da ya faru a birnin New York na Amurka ran 25 ga Maris, 1911. Gobara ta tashi a masana'antar ɗinkin riguna ta Triangle, ma'aikata 146 suka halaka, yawancinsu 'yan mata baƙi da suka yi ƙaura zuwa ƙasar. Daga cikin dalilan yawan mutuwar har da kulle ƙofar fita da ake yi lokacin aiki, don gudun sata. Ƙofar nan a kulle ta biya bukatar "security", amma ta ci amanar "safety". Haka ƙarafan da muke kafawa a tagoginmu: suna hana ɓarawo shiga, suna kuma hana mai gida fita ran da wuta ta kama. Wanda ya fassara ƙa'idojin wurin aiki da "tsaro" kaɗai, ya bar mai karatu da tunanin mai gadi da kwaɗo, alhali kuwa ana yi masa maganar ƙofar tsira ne.

Hausa ba ta rasa abin raba su ba. Hukumar nan ta "Road Safety" da aka kafa a Nijeriya a 1988, Hukumar Kiyaye Haɗura ake ce mata, kuma wannan fassara ta dace ƙwarai. A maganar yau da kullum kuwa, "lafiya" ce ke ɗaukar nauyin: inda Bature zai ce "safe journey", mu sai mu ce a sauka lafiya. Abin sha'awa, wannan ita ce ainihin ma'anar "salvus" da muka gani a baya.

Ita "tsaro" kayan da aka ɗora mata sun yi yawa, don ita ce kuma ke fassara "defence", kamar a Ministan Tsaro. Wataƙila shi ya sa gidajen rediyo suka daɗe suna kiran "Security Council" na Majalisar Ɗinkin Duniya da Kwamitin Sulhu, ko da yake Kwamitin Tsaro ma ana ji. A ganina "sulhu" ta bayyana burin kwamitin, amma ta ɓoye ikonsa na sa takunkumi da ba da izinin yaƙi. A Nijar matsalar ta ɗan bambanta, saboda "sécurité" ta Faransanci takan ɗauki ma'anonin biyu, har da na kiyaye haɗarin hanya.

Akwai kuma inda "security" ba ta da alaƙa da bindiga ko kaɗan. A banki, abin da mai neman rance ya ajiye shi ne "security", wato jingina. Jam'inta, "securities", takardun hannun jari da na lamuni ne. "Food security" wadatar abinci ce, "job security" kuwa tabbacin ɗorewar aiki; a nan tsohuwar ma'anar rashin damuwa ce ta dawo. Ƙa'idar niyyar ma tana da togaciya: akwatin ƙarfen nan na ajiyar kuɗi sunansa "safe", ga shi kuwa ɓarawo aka yi shi domin ya hana.