Ƙwaryar ruwan sanyi

Yau za mu yi magana bisa ƙaramin alheri, irin wanda kowa ke iyawa.

Ka san bazara a ƙasar Arewa. A watan Afirilu da na Mayu, rana na dafa ƙasa har takalmi ya yi zafi. Baƙo ya taso daga Matankari ko Dankasari, ya iso ƙofar gidanka, maƙogwaronshi a bushe. Kafin a tambayi sunanshi, sai a kawo mishi ruwa a ƙwarya. Haka kakanninmu suka yi, haka muka tarar.

To, Yesu Almasihu ya yi magana bisa wannan ruwa. Buɗe Littafi Mai Tsarki, Matiyu sura 10, aya 42. A nan ya nuna cewa wanda ya shayar da ko mafi ƙanƙanta cikin masu binsa, ladarsa ba ta ɓacewa. Ruwa kaɗai ya ambata, abin da ke akwai cikin randar kowane gida. Ashe Allah na ganin abin da mu muke renawa.

Ni talaka ne, mi zan bayar?

Da yawa cikinmu na cewa haka. Gaskiya ne, rumbu ba ya kai mu damana kowace shekara. Gaskiya ne, dala ba ta kwana a aljihu. Amma duba Markus sura 12, daga aya 41 zuwa 44. Yesu na zaune a Haikali, yana kallon masu zuba baiko. Masu dukiya sun zuba da yawa. Wata matalauciya, wadda mijinta ya rasu, ta zuba ƴan kuɗi biyu na tagulla. Yesu ya kira almajiransa, ya nuna musu ita, ya ce ta fi kowa bayarwa. Su daga rarar dukiyarsu suka ɗiba. Ita kuwa abin cinta ne ta bayar.

Mutane na auna baiko da tiya. Allah yana duban zuciya, yana duban abin da ya rage a hannunka. Saboda haka talauci bai fitar da kai daga cikin masu alheri ba.

Kuma ba kuɗi kaɗai ake bayarwa ba. Kana da ƙafa, kana da hannu, kana da kalme, kana da baki. Yanzu ma ga shi kana da karatu.

Gonar tsohuwa

Bayan girbi samarinmu da yawa na tafiya cin rani. Wasu Yamai, wasu Legas, wasu Kwatano ko Abijan. Akwai waɗanda ruwan farko ke sauka ba su komo ba. Sai a bar tsoho da tsohuwa da gona.

Kai manomi ne, ka san abin da ke biyowa. In hatsi ya tsiro ba a yi noman farko cikin lokaci ba, haki ya rufe shi, ya shanye ruwan, ya shanye ƙarfin ƙasar. Ko an nome daga baya, zangarniya ba ta cika. Jinkirin ƴan kwanaki na iya cinye abincin wata da watanni.

In mutum biyar suka ba tsohuwa safiya guda, aikin da za ta yi mako tana yi ya ƙare kafin azahar. Kowane ɗayansu rabin yini ya rasa. Ita kuwa ta sami tuwon shekara. Wannan ita ce gayya, kuma Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Littafin Rut ya ba mu irin wannan labari. Rut baƙuwa ce daga ƙasar Mowab, mijinta ya rasu, ta biyo surukarta Na'omi zuwa Baitalami. Ba su da komi. Ta shiga gonar Bo'aza tana kala bayan masu girbi. Bo'aza bai kore ta ba. Ya ba ta izinin shan ruwan ma'aikata, ya ce musu su riƙa barin zangarku da gangan don ta tsinta. Abin bai rage mishi rumbu ba, amma ya raya mata biyu. Daga zuriyar Rut aka haifi sarki Dawuda. In ka yanke hatsinka bana, tuna da masu kala. Kada ka share gona ƙaf.

Allura da zare

A Ayyukan Manzanni sura 9 akwai wata mace a garin Yafa, sunanta Tabita. Ba a ce ta yi wa'azi ba. Ɗinki take yi, tana ba matan da mazansu suka rasu. Ranar da ta mutu, matan suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna mishi rigunan da ta ɗinka musu. Bitrus ya yi addu'a, Allah ya tashe ta.

Ƴar'uwa, dubi naki hannun. A ƙauyukan tudu rijiya na da zurfi, jan guga na yanke tafin hannu. Maƙwabciyarki mai tsohon ciki na bin layi a rana. Ki ja mata guga biyu. Mai jego ba ta iya daka, ki haɗa hatsinta da naki a turmi. Kin dama hura, ki aika wa makahon unguwa ludayi uku. Ba wanda zai buga miki ganga, amma ran da ba ki nan, za a sani.

Karatunka ma alheri ne

Bara ba ka iya haɗa baƙaƙe ba. Bana kana karanta wannan shafi da kanka. Kada ka riƙe abin a aljihu.

Maƙwabcinka ya komo daga likita da takarda, bai san ran da aka ce ya koma ba. Duba mishi kwanan watan. Uwa na riƙe da katin rigakafin ɗanta, ki nuna mata ranar allura ta gaba. Saƙo ya shigo wayar tsoho daga ɗanshi da ke cin rani, karanta mishi, kuma ka riƙe asirinshi.

Ga wani abu da ya kamata kowane mai karatu ya sani. Zawo na kashe yara saboda ruwan jikinsu na ƙarewa. In akwai ƙunshin garin gishiri da sukari na likita, a dama shi cikin lita guda ta ruwa mai tsabta. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita guda. A riƙa ba yaron kaɗan kaɗan, a ci gaba da ba shi nono, a kai shi likita ba da jinkiri ba. In ka koya wa uwa guda wannan, wataƙila ka tsare rai.

Akwai babban asibiti a Galmi, gabas da Birnin Ƙwanni, wanda mishan SIM ta buɗe a 1950. Akwai kuma gidajen likita na gwamnati a Dogon Dutsi da Tibiri. Amma mara lafiya ba ya isa can sai wani ya ba da aron amalanke, wani ya riƙe yaran gida, wani ya cika kuɗin mota. Babban aiki na tsaye bisa ƙananan hannuwa.

Wane ne maƙwabcina?

Kirista ba su da yawa a ƙasarmu. Daga Geceme zuwa Dumega, daga Koren Mairuwa zuwa Dogon Kiriya, yawancin maƙwabtanmu musulmi ne, wasu kuma na bin al'adar kakanni. Rijiya guda muke sha, kasuwa guda muke ci.

Wani masanin shari'a ya tambayi Yesu ko wane ne maƙwabcinsa. Amsar na cikin Luka sura 10. Ƴan fashi sun raunata wani mutum a hanyar Yariko. Malaman addini biyu suka ratse suka wuce. Wanda ya tsaya Basamariye ne, daga mutanen da Yahudawa ba su shiri da su. Ya ɗaure raunin, ya ɗora mutumin bisa dabbarsa, ya biya kuɗin masauki. Bai tambayi addininsa ba.

Mu ma an yi mana haka. A watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai. A cikin kwanakin nan akwai musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu kirista a gidajensu. Irin wannan amana ba rana guda ake gina ta ba. Gaisuwar safe ce ke gina ta, da zuwa suna, da zaman makoki, da aron gatari.

Tambayi tsofaffi labarin yunwar 1984 da 1985, wadda aka sa wa suna El Buhari. A lokacin an rufe iyakar Najeriya, hatsi ya yi wuya. Yau shekaru sun wuce, amma wanda aka ba tiya guda a ranakun nan bai manta da mai ba shi ba.

Abu uku da za ka kiyaye

Na ɗaya, kada ka yi don a gani. Matiyu sura 6 ta gargaɗe mu bisa masu shelar sadakarsu. In za ka kai hatsi gidan mabukaci, kai da dare. Ka rufa mishi asiri, kada ka ci mutuncinshi.

Na biyu, kada ka ɗauka alheri kuɗin sayen ceto ne. Wasiƙar Afisawa sura 2 ta koya mana cewa ceto kyautar Allah ce, ta wurin bangaskiya. Muna yin alheri don an riga an yi mana.

Na uku, kada ka fasa don wani ya saka maka da sharri. Hakan na faruwa, kuma akwai ciwo. Yesu ya warkar da kutare 10, guda ɗaya tak ya komo godiya. Bai daina warkarwa ba. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

A Matiyu sura 25, Yesu ya faɗi abin da za a duba a ranar shari'a: mai yunwa, mai ƙishirwa, baƙo, mara tufafi, mara lafiya, ɗan kaso. Ya ce abin da aka yi musu, shi aka yi wa. Duba jerin nan da kyau. Duka shidan suna nan garinku.

Tambayoyi

1. Don mi Yesu ya ce matalauciyar ta fi masu dukiya bayarwa?
2. Mi Bo'aza ya yi wa Rut?
3. Cokali nawa na sukari ake zubawa cikin lita guda ta ruwa?
4. Wane ƙaramin alheri aka taɓa yi maka da ba ka manta ba?

Aikin wannan mako

Ɗauki alƙalami. Rubuta sunan mutum guda a unguwarku da ke cikin wahala. A ƙarƙashin sunan, rubuta abu guda da za ka yi mishi kafin Lahadi. Kada ka nuna wa kowa takardar. Tashi ka yi.