Tsutsar Ciki a Jikin Kifin Gofi

Jama'a, mun san tsutsar ciki ta kan kama tumaki da awaki. Mun san ta kan kama 'ya'yanmu. To, har kifin da ke cikin ruwa bai tsira daga gare ta ba. Yau za mu duba yadda ta ke kama wani ɗan kifi da a ke kira gofi, da yadda a ke yi masa magani.

Wane ne gofi?

Gofi ɗan ƙaramin kifi ne. Macen ba ta cika wuce inci 2 ba, namijin kuwa bai kai ta girma ba, amma ya fi ta ado. Asalinsa daga Amurka ta Kudu ne da tsibiran da ke kusa da ita. A shekarar 1866 wani Bature mai suna Guppy ya aika da irinsa Ingila daga tsibirin Tirinidad, shi ya sa kifin ya ci sunansa.

Gofi ba ya saka ƙwai a ruwa. Macen haihuwa ta ke yi, kusan ko wane wata. Mutane su kan ajiye shi a akwatin gilashi don sha'awa. A ƙasashe da yawa kuma an zuba shi a tankunan ruwa, don yana cinye 'ya'yan sauro tun ba su yi fiffike ba. Ashe ƙaraminsa da amfaninsa.

Yaya za mu gane ya kamu?

Kifi ba shi da bakin faɗin inda ke masa ciwo. Sai mu sa ido. Alamun su ne:

1. Yana ci amma yana ramewa, cikinsa ya lotsa.
2. Kashinsa ya zama fari, dogo kamar zare, yana jan sa a baya.
3. Ya ware daga 'yan'uwansa, ya daina kazar-kazar.
4. In ya tsaya cik, mu kan ga jajayen zarurruka sun leƙo ta duburarsa.

Waɗannan jajayen zarurruka su ne tsutsar. Ta kan kafa baki a jikin hanjin kifi tana shan jininsa, shi ya sa ta yi ja. Tana haifar 'ya'ya ƙanana ƙwarai, su fita tare da kashi. Wasu mitsi-mitsin ƙwarin ruwa su haɗiye su, kifi kuma ya haɗiye ƙwarin. A cikin akwati kuwa, kifi ya kan tsince su ma a gindin ruwa. Saboda haka in mun ga ɗaya ya kamu, mu ɗauka duka sun kamu, mu yi wa duka magani.

Magani

Ko wace cuta da nata magani. Jar tsutsa, maganinta lebamisol, watau irin wanda a ke ɗura wa tumaki. Tsila, watau tsutsa mai faɗi, maganinta farazikwantel, irin wanda a ke ba masu tsargiya. Akwai kuma wasu ƙwayoyin cuta na hanji da ido ba ya gani, su ma su kan jawo farin kashi. Maganinsu metaronidazol, wanda mu ka fi sani da filajil. An fi gauraya shi cikin abincin kifin. Gishiri ba ya kashe tsutsar da ke cikin hanji, kada mu dogara gare shi.

Kada mu auna magani da ka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mu je wurin malamin dabbobi, mu gaya masa lita nawa akwatinmu ke ci. Na lebamisol kaɗan ƙwarai a ke sa wa: giram 1 na zallarsa ya isa ruwa lita 500, watau duro biyu da rabi. Mu karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba. In an gauraya shi da wani magani dabam, mu bar shi, don wasu magungunan tumaki guba ne ga kifi.

Ga yadda za mu yi da jar tsutsa:

1. Mu narkar da maganin a ɗan ruwa, sa'an nan mu zuba a akwati.
2. Mu rufe akwatin da zane, don haske na rage ƙarfin maganin. Amma mu bar wurin shigar iska.
3. Bayan awa 24 mu sa tiyo mu zuƙe dattin gindi sarai. Dalili kuwa, maganin sumar da tsutsa ya ke yi, ta saki hanji ta faɗo. In mun bar ta nan, aikinmu ya koma baya.
4. Mu kwashe rabin ruwan ko fiye, mu zuba sabo. In na famfo ne, ya kwana biyu a buɗe tukuna.
5. Bayan mako 2 zuwa 3 mu sake yi, don ƙananan da su ka tsira.

Ruwan da mu ka kwashe, mu zuba shi a busasshiyar ƙasa, nesa da rijiya da rafi. Kifin da ya mutu mu binne shi. Kada mu saki gofi a kogi ko tabki, lafiyayye ne ko marar lafiya, don ya kan yaɗa cuta, ya kuma takura wa kifayen wurin.

Riga-kafi ya fi magani

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawanci baƙon kifi ne ke kawo tsutsa. In mun sami sabo, mu ware shi a wani mazubi dabam har mako 4, muna dubansa kullum. Ko wane mazubi da ragarsa. Kada mu cunkusa kifi da yawa wuri ɗaya. Mu ba su abincin da za su cinye nan da nan. In mun gama aiki, mu wanke hannu da sabulu.

Tambayoyi

1. Me ya sa a ke zuba gofi a tankin ruwa?
2. Faɗi alamu uku na tsutsar ciki.
3. Don me mu ke zuƙe gindin akwati bayan magani?
4. Mako nawa za mu ware baƙon kifi?
5. In giram 1 ya isa lita 500, giram nawa lita 1,000 za ta ci?