Katin Sadarwa Ya Yi Shiru Bayan Sabunta Kanel: Ina Laifin Yake?

Sau da yawa malamin da ke kula da ɗakin kwamfuta yakan sabunta manhajar Linux, ya sake kunna na'ura, sai ya tarar intanet ta ɗauke. Waya na nan a jone, amma kwamfuta ta yi kamar ba ta taɓa sanin katin sadarwar da ke cikinta ba. Abin da yakan fara zuwa zuciya shi ne katin ya ƙone, a sayo wani. Galibi wannan hasarar kuɗi ce kawai.

Kafin a yanke hukunci, sai an san abin da aka sabunta. A can ƙasan kowace manhajar sarrafa kwamfuta akwai wani jigo da ake kira kanel, wanda shi ne ke hulɗa kai tsaye da sassan na'ura. Kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara fitarwa a 1991, ba ya magana da kati sai ta bakin wata 'yar manhaja mai suna direba, wato tafintan da ke tsakaninsu. To, direban da aka harhaɗa domin wani kanel ba ya zama a cikin wani. Idan daga waje aka ɗauko shi, alal misali r8168 na kamfanin Realtek, kuma ba a sake harhaɗa shi ba, kati lafiyayye sai ya koma bebe.

Ɗalibin da ya taɓa gwajin tsirar wake ya riga ya san dabarar: gwangwani biyu, komai iri ɗaya, sai abu guda tak da aka bambanta. Sabuntawa ba ta cika share tsohon kanel ba; yana nan cikin jerin da GRUB ke nunawa lokacin kunnawa. Sai a zaɓe shi. Idan intanet ta dawo, an wanke kati da waya baki ɗaya, laifi ya faɗa kan sabon kanel ko direbansa. Daga nan umarnin lspci -k zai nuna katin da direban da ke riƙe da shi, in akwai, dmesg kuwa ya karanto koke-koken da kanel ya yi yayin tashi. Mai gaggawar da ya canza waya da direba a lokaci ɗaya, ko da ya dace, bai san abin da ya gyara ba.

Amma an taɓa samun lokacin da komawa tsohon kanel bai yi amfani ba. A 2008, yayin gwajin kanel 2.6.27, wasu katunan Intel masu aiki da direban e1000e sun daina aiki ɗungurungum. A jikin katin akwai wata ƙaramar ma'ajiya da ba ta goguwa in an kashe wuta, inda lambar shaidarsa da saitinsa suke. Ita ce ta lalace. Kowa ya tuhumi direban, alhali ba shi ne mai laifi ba. Bayan makonni ana bincike, sai aka gano wani sabon kayan bin diddigi na cikin kanel, mai suna ftrace, yana rubutu a wasu tsofaffin adireshin ƙwaƙwalwa, bai san an riga an ba da su ga ma'ajiyar katin ba. Kamar ɗan aike ne da ya ci gaba da kai saƙo gidan da mai shi ya tashi.

An kulle ma'ajiyar ta yadda ba za a iya rubutu a kanta ba, sannan aka dakatar da wancan ɓangare na ftrace a kanel 2.6.27.1 har aka sake masa tsari. Masu irin katin kuwa an shawarce su a lokacin da su adana kwafin ma'ajiyarsu da umarnin ethtool -e kafin su gwada sabon kanel.